Yadda Mai Shago da Mai Ƙaramar Masana'anta Zai Riƙe Ma'aikatansa a Zamanin Tsada

Daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, zuwa ƙarshen 2024, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin shekara ta zagayo dalar da ake saya wajen naira 460 a farashin gwamnati ta kai 1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Duk ɗan kasuwa ya san ɓarnar da wannan ya yi wa jarinsa, don kullum yana cikin lissafinta. Wanda ba a cika zama a lissafa wa ba shi ne yaron da ke buɗe shago da safe, da telan da ke kan keke, da mai kwaɓa fulawa a gidan burodi.

Wannan jagora ta mai ma'aikata uku zuwa talatin ce. A ganina, yawancin rigimar da ke tsakanin maigida da yaransa ba daga ƙarancin kuɗi kaɗai take tasowa ba. Daga duhu take tasowa: yaro bai san me zai samu ba, bai san yaushe ba, bai san ranar da za a sallame shi ba, shi ma maigidan bai taɓa yanke wa kansa ba. Matakan nan duk na fitar da al'amarin fili ne.

Mataki na farko: lissafa abin da zuwa aiki ke ci wa ma'aikacinka

Kafin ka yi maganar albashi, ɗauki biro ka bi yaronka ɗaya daga gidansu zuwa shago. A ce a Kurna yake, shagonka kuma yana Kantin Kwari. A ce adaidaita sahu na karɓar naira 500 zuwa, 500 dawowa. Kwana 26 na aiki, 26,000 ke nan. A ce yana cin abincin rana da ruwan leda na naira 1,500, wannan 39,000 ne a wata. Jimla 65,000, bai sayi sabulu ba, bai sa kati a waya ba, bai kai wa mahaifiyarsa ko sisi ba. Saka farashin garinku a gurbin waɗannan, amma yi lissafin.

Idan abin da kake ba shi bai kai wannan jimlar ba, to akwai inda yake cike giɓin. Ko dai yana tafiya a ƙafa ya iso a gajiye, ko yana wuni da yunwa, ko yana ɗora wa kwastoma ƙari a kan farashi, ko hannunsa na shiga aljihun tebur. Gara ka san wanne ne tun yanzu.

Mataki na biyu: yi hasashen shekararka da littafinka, ba da zancen majalisa ba

A nan mutane suka fi tuntuɓe. Wani ya ji ana cewa dala za ta sauka, sai ya ɗauki yara uku. Wani ya ji za ta tashi, sai ya kori biyu. Hasashen da zai amfane ka yana cikin littafin cinikinka.

Buɗe littafin wata goma sha biyu da suka wuce. A kowane wata cire kuɗin sarin kaya, kason haya, wuta, man janareta, dako da harajin kasuwa. Abin da ya rage shi ne abin da kai da ma'aikatanka za ku ci. Sai ka fitar da wata uku: mafi kyau, matsakaici, da mafi muni. Kowace sana'a ta san nata. Tela ba ya ɗaga kai daga tsakiyar azumi zuwa daren Sallah, bayan Sallah kuma sai ya wuni yana hira. Ɗan kasuwar hatsi ta Dawanau lokacin kaka ne kasuwarsa. Mai ruwan leda da mai ƙanƙara bazara ce tasu, da sanyin hunturu ya shigo ciniki ya ja baya. Mai littattafai da kayan makaranta yana jiran Satumba. Ka tuna kuma azumi da Sallah suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, saboda haka watan Bature da ya yi maka kyau bara ba lallai ya maimaita ba.

Bayan littafinka, akwai abubuwa kaɗan na waje da suka cancanci sa ido. Farashin dizal da fetur, don su ne ke cikin kuɗin dakon kowane buhu. Canjin dala, idan kayanka daga China ko Dubai suke zuwa, har da saifa idan kana hulɗa da Maraɗi ko Kwatano. Kuɗin wuta: a Afrilun 2024 an ɗaga wa 'yan rukunin Band A (waɗanda aka fi ba wuta) farashi zuwa naira 225 kowane yunit, daga abin da bai kai 70 ba, kuma masu injin niƙa da masu walda da ke kan wannan layin sun ji a jikinsu cikin wata guda. Sai iyaka: bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar ƙasashen biyu, ba a buɗe ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris 2024, kuma duk wanda rabin kwastomominsa ke zuwa ta Jibiya ko Illela ko Maigatari ya san yadda watannin nan suka kasance. Hukumar Ƙididdiga na fitar da alƙaluman hauhawar farashi a tsakiyar kowane wata, Babban Banki kuma na wallafa binciken da yake yi kan yadda kamfanoni ke hangen watanni masu zuwa. Duba su ba laifi, amma ka lura: a farkon 2025 an sauya ma'aunin lissafin, adadin ya dawo kashi 24 da ɗoriya, alhali kuɗin mota bai ragu da ko naira ɗaya a ranar ba. Ko ba a sauya ma'auni ba, saukar adadin na nufin tashin farashi ya rage gudu, ba wai kaya sun yi araha ba. Kada ka kafa hujja da shi ka hana yaro ƙari.

Mataki na uku: raba biya gida biyu, na tabbas da na rabo

Ƙa'idar ita ce: albashin tabbas ka ɗora shi a kan watanka mafi muni, abin da ya ƙaru a watanni masu kyau kuma a yi rabonsa.

Ga misali. A ce abin da ke rage maka a wata mafi muni naira 550,000 ne, a matsakaici 900,000, a mafi kyau 1,500,000. Ka yanke wa kanka 200,000 na cefanen gida. (E, kai ma sai ka sa wa kanka albashi. Maigidan da ke zura hannu a kuɗin ciniki duk lokacin da aka aiko daga gida ba zai taɓa sanin ko shagonsa na riba ba.) Saura 350,000. Wannan na ɗaukar mutum biyar a kan 70,000 kowanne. Ba ya ɗaukar shida. Idan kana da shida, ko dai ka ƙara ciniki ko ka san cewa wata rana za ka ce musu "a yi haƙuri sai wani satin".

Sai rabo. Ka ce duk abin da ya haura 550,000, kashi 10 cikin ɗari na ma'aikata ne. A wata matsakaici rarar 350,000 ce, rabonsu 35,000, kowa ya tashi da 7,000. A wata mai kyau rarar 950,000 ce, kowa ya samu 19,000. Daga sauran kuma ka riƙa ware wani abu har ka tara albashin wata uku, wato 1,050,000 a wannan misali, a asusun da ba ya da katin cire kuɗi a aljihunka. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu, kamasho da la'ada da "kashe mu raba" duk danginsa ne. Sharaɗinsa ɗaya: sai ka yarda ka nuna musu jimlar wata. Rabon da maigida kaɗai ya san lissafinsa kyauta ce, kuma yaro ba ya ƙara himma saboda kyautar da bai san ranar zuwanta ba.

Game da 70,000 ɗin: shi ne mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024, daga 30,000 na 2019, kuma dokar ta ce a sake dubawa duk shekara uku. Jihar Kano ta tsayar wa ma'aikatanta 71,000. Dokar ba ta hau kan wurin da ke da ƙasa da ma'aikata 25 ba, haka masu aikin kamasho ko aikin jinga. Amma yaronka ya ji adadin a rediyo, kuma da shi yake auna ka. Idan ba za ka iya kai wa can da tsabar kuɗi ba, cike da abinci da kuɗin mota, ka kuma faɗa masa ƙimarsu.

Tsayar da ranar biya. Wanda ke karɓar kaɗan ya fi son na mako ko na kullum, don mai gidan haya da mai shayi ba sa jiran ƙarshen wata. Ko wacce ka zaɓa, kada ta motsa. Hadisin da ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi, aikin da shi ne ya yi ƙaranci.

Mataki na huɗu: rubuta, ko da ɗan ɗan'uwanka ne

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce cikin wata uku da ɗaukar ma'aikaci a ba shi takardar da ta bayyana aikinsa, albashinsa, lokutan aiki, hutu da yadda za a rabu. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa, boko ko ajami, kowa ya sa hannu, shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi.

Inda abin ya fi nauyi shi ne tsohon tsarinmu na yaron shago. Uba ya kawo ɗansa ya ce, "Alhaji, ga shi nan, amana." Babu maganar albashi, sai kuɗin abinci, da ɗinkin Sallah, da fatar wata rana za a yi masa aure a sallame shi da jari. Tsarin nan ya fitar da manyan attajirai a Kwari da Sabon Gari da Singa, ban raina shi ba. Amma dubi yadda yake ƙarewa idan ba a yanke komai ba. Yaro ya shekara tara, gemu ya fito, ya sami yarinyar da yake so. Wata rana bayan la'asar, da kwastomomi suka ragu, ya durƙusa gefen kujera yana murza hula.

"Ranka ya daɗe, dama maganar nan ce da Baba ya yi maka tuni."

"Wace magana?"

"Ta sallama, Alhaji."

"Kai ma kana ganin yadda kasuwa take. Bari abubuwa su daidaita."

Yaron zai ce "Allah ya ƙara arziki", ya tashi ya ci gaba da ninke atamfa. Daga ranar ka rasa shi, ko da jikinsa na shagon. Zai fara karɓar lambobin kwastomominka a wayarsa, zai fara saye da sayarwa ta gefe, kuma a ransa ba sata yake ba, hakkinsa yake cira.

Maganin shi ne a yanke tun ranar farko, a gaban uban ko waliyyinsa: shekara nawa, me zai riƙa samu kafin nan, kuma da me za a sallame shi. Kada a rubuta sallamar da naira. Wanda aka yi wa alkawarin miliyan ɗaya a 2020 ya karɓa a 2025, abin da ya karɓa bai kai rabin abin da aka yi masa alkawari ba. A rubuta ta da kaya: dila kaza ta atamfa, buhu kaza na shinkafa, keken ɗinki da hayar shago ta shekara ɗaya. Idan kuma jari za ka ba shi ya juya ku raba riba, wannan shi ne ƙiradi a fiƙihun Malikiyya, kuma yana da sharuɗɗa: a ambaci kason kowa a ribar tun farko, asarar da ba ta sakaci ba kuma a kan mai dukiya take, shi yaron wahalarsa ce ta tafi. Ku zauna da malamin da ya san babin kafin ku ƙulla.

Mataki na biyar: tallafin da ya fi tasiri, ba wanda ya fi ƙayatarwa ba

Abinci ne kan gaba. Tukunya ɗaya ta mutum goma ta fi araha nesa ba kusa ba a kan kowa ya je wurin mai abinci da kansa. Yi jinga da mai dafawa guda, ko ka sayi hatsi da kaka lokacin da yake da sauƙi ka ajiye. Wasu ma kan sara da yawa su sayar wa yaransu a kan farashin sari, a cire a hankali.

Sai rashin lafiya. Abin da ke karya ƙaramin ma'aikaci dare ɗaya ne: matarsa na naƙuda an ce sai tiyata, ko ɗansa na suma da zazzaɓin damina. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, kuma jihohi na da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya, kamar KSCHMA a Kano, masu karɓar 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Je ofishinsu ka tambayi kuɗin shekara na mutum ɗaya, ka kwatanta da abin da ka kashe bara a "Alhaji a taimaka". Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci har kwana 12 na jinya a shekara da albashinsa idan ya kawo takardar likita, da hutun aƙalla kwana 6 na aiki bayan ya cika shekara, da yini guda na hutu a kowane mako.

Bashi kuma a yi masa ƙa'ida, in ba haka ba wanda ya fi iya marairaicewa shi zai kwashe. Doka ta ce kada gabatar da albashi ya wuce na wata ɗaya, kada a ɗora ruwa, kuma a ba da aƙalla wata uku na biya. Rubuta a littafi, ya sa hannu. Idan yaran na son adashi a tsakaninsu, ƙarfafa musu, amma kada kai ka zama uwar adashin.

Idan kana da ma'aikata mata, kamar a shagon ɗinki, makaranta ko wurin sarrafa gyaɗa, hutun haihuwa mako 12 ne, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki, mai shayarwa kuma tana da rabin awa sau biyu a rana. Tanadar musu makewayi da wurin salla nasu, kuma a tashe su da sauran rana.

A azumi sauya lokutan aiki maimakon ka yi ta faɗa da masu gyangyaɗi. Gidan burodi ko wurin walda na iya farawa bayan asuba a tashi da azahar. Kayan azumi da goron Sallah ka sa su cikin lissafin shekara tun Muharram. Abu ɗaya da ya kamata a faɗa ƙarara: zakka ba ta zama albashi. Idan yaronka mabuƙaci ne kana iya ba shi, amma ba a madadin hakkin guminsa ba.

Mataki na shida: tsare kuɗi ba tare da zargin kowa ba

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 yawancin ciniki ya koma tiransifa da POS. Buɗe asusu da sunan shagon. Kada kwastoma ya tura kuɗi asusun yaro, ko da na minti biyar ne. Kaya ba sa fita sai an ga kuɗin a cikin asusu, ba hoton rasit a wayar mai saye ba, domin alat na bogi ya yi yawa. Mai karɓar kuɗi daban, mai fitar da kaya daga sito daban. A ƙirga kaya a rana tsayayya, kowa na nan.

Wannan kariya ce ga yaron kirki, don ranar da abu ya ɓace littafi ne zai wanke shi. Idan an yi asara, kada ka yanke albashi cikin fushi. Doka ba ta yarda a ci ma'aikaci tara haka kawai ba, kuma duk abin da za a cire masa a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinsa. Faɗa kuma a yi shi a bayan shago. Yaron da aka zaga a gaban kwastoma ba ya mantawa.

Mataki na bakwai: abin da hukuma ke bin ka

Wannan gajere ne. Idan ma'aikatanka sun kai 15, dokar fansho ta 2014 ta hau kanka: kai kashi 10, ma'aikaci kashi 8. A albashin 70,000, kai 7,000, shi 5,600. Masu sana'ar kansu da ƙananan wurare na da tsarin ƙaramin fansho da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ƙaddamar a 2019. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a biya kashi 1 na jimlar albashi ga asusun inshorar ma'aikata na NSITF, shi ke ɗaukar nauyi idan inji ya cinye wa yaro yatsa. Mai injin niƙa, mai gidan katako da mai gidan bulo su fi kowa kula da wannan, tare da safar hannu, takalmi da abin kashe gobara da ke aiki da gaske.

Mataki na takwas: idan kasuwa ta tsaya cik

Tara su ka faɗa musu da bakinka kafin su ji a bakin 'yan dako. Nuna musu jimlar wata uku. Sannan a bi abin daki-daki: rabo ne ke fara tsayawa, tunda dama babu rara. Sai naka kason ya ragu, kuma su gani. Sai a taɓa ajiyar wata ukun nan. Idan ba ta ɗaga ba, a koma karɓa-karɓa, wasu su zo Asabar zuwa Litinin, wasu Talata zuwa Alhamis, da yardarsu kuma da ranar da za a sake zama. Ƙwararren mai gashi ko mai yanka da ka shekara biyar kana koyarwa, idan ya tafi, ba ka samun madadinsa ranar da kasuwa ta dawo.

Idan dole sai an rage mutane, doka ta ce wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana. Wa'adin sanarwa kuwa ya danganta da daɗewa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Kana iya biyan kuɗin wa'adin a madadinsa. Wanda aka zalunta na da damar zuwa ofishin ƙwadago ko Kotun Ma'aikata, wadda ke da reshe a Kano, ko da yake a kasuwa yawanci shugabannin layi ne ke fara zama a kan maganar.

Ranar rabuwa a buɗe littafi a gabansa: albashin da ya rage, rabon da bai karɓa ba, a cire bashin da ke kansa, a ba shi saura a hannu a ranar. Rubuta masa takardar shaida cewa ya yi aiki da kai daga shekara kaza zuwa kaza, a wane aiki, ka sa hannu da lambar wayar shago. Idan ka san wani a layin da ke neman yaro, ɗauki waya ka kira shi tun yaron bai fita ba.